Darasi: Ƙwarin Ganye, Daga Daji Zuwa Rumbu

Duk wanda ya taɓa shuka kuɓewa a bayan gida ya san yadda ganyenta ke komawa bayan 'yan makonni da tsirowa. Sai ka ga an bi shi da huji ƙanana-ƙanana, har in ka ɗaga shi sama kana hango hasken rana ta ciki kamar rariya. In ka sunkuya da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, za ka iske masu aikin zaune a kai. 'Yan ƙwari ne masu sheƙi, tsawonsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, wasu ruwan ƙasa, wasu baƙaƙe masu ɗaukar ido. Miƙa hannu ka gani. Kafin yatsanka ya isa, sun daka tsalle sun ɓace, domin cinyoyinsu na baya kakkaura ne, an halicce su don tsalle. Masana na kiran wannan jinsi Podagrica. Ban da kuɓewa, suna cin rama da yakuwa.

Waɗannan 'yan ƙwari zuriya ɗaya ce daga wani babban dangi da masana kimiyya suka sa wa suna Chrysomelidae, mu kuma a wannan darasi za mu riƙa ce musu ƙwarin ganye. An riga an tantance ire-irensu sama da 35,000 a duniya, kuma har yanzu ana gano sababbi. Manomi ya fi saninsu ta wajen ɓarna. Darasin zai duba ɓarnar, amma zai fara da tambayar da ba a cika yi ba: kafin mutum ya share daji ya yi gona, me waɗannan ƙwari suke yi?

Yadda za a gane su

Ƙwaro irin wannan ƙafafunsa shida ne, fikafikansa huɗu. Biyu na sama masu tauri ne, sun rufe bayansa sun haɗu a tsakiya a miƙe, biyu na ƙasa kuma masu laushi ne, su yake warewa in zai tashi. Ta nan yake da dangantaka da buzuzu mai mirgina kashin shanu, sai dai abincinsu ya sha bamban. Ƙwaron ganye yana da baki mai tauna, shi ya sa yake barin huji ko yagewa a ganye. Darɓa da farin ƙuda kuwa tsotsa suke yi, ganye ya naɗe ko ya yi rawaya ba tare da huji ba. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya hana mutum sayen maganin da bai dace ba.

Rayuwarsa mataki huɗu ce. Mace ta saka ƙwai, ƙwai ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsa ta ci ta ƙoshi ta kwanta ba motsi ba ci, sannan ta sake kama ta fito cikakken ƙwaro. A wasu ire-iren tsutsar tana kan ganye tare da iyayenta. A wasu kuma tana cikin ƙasa tana gwiguyar saiwa, ko cikin kara, ko cikin ƙwayar iri. Misali ƙwaron ganyen wake, wanda ake kira Ootheca, mai tsawon kusan milimita 6, ja-ja mai sheƙi: macen tana saka ƙwai a cikin ƙasa, tsutsar ta ci saiwa, manyan kuma su fito da faɗuwar damina, daidai lokacin da wake ke fitar da ganyen fari. In ka girgiza tsiron sai su saki jiki su faɗo ƙasa su yi lamo.

Akwai wani ƙwaro da ya kamata ɗalibi ya kiyaye kada ya haɗa shi da waɗannan. Shi ne ɗan dunƙulallen nan ja mai ɗige-ɗige baƙaƙe da ake gani a kan wake da gyaɗa. Yawancin danginsa darɓa suke ci, su da tsutsarsu. Abokin manomi ne, amma sau da yawa shi ke fara mutuwa in an yi feshi.

Kowa da abincinsa

Abu mafi muhimmanci game da ƙwarin ganye shi ne ba kowane ganye suke ci ba. Fara in ta sauka ba ta zaɓe. Ƙwaron ganye kuwa yawanci tsiro ɗaya ya sani, ko 'yan tsirrai masu dangantaka da juna. Na kuɓewa ba ruwansa da gero. Na dankali ba ya kallon wake.

Dalili shi ne tsiro ma yana kare kansa. Ba ya iya gudu, don haka yake tara ɗaci ko guba a ganye da saiwa. Ku tuna da ɗacin duma da na guna, wanda ke korar yawancin ƙwari da dabbobi. Amma akwai wani jan ƙwaro da ke bin kabewa da duma da kankana, wanda wannan ɗacin ne ma ke jawo shi. Ya ci, ya tara shi a jikinsa, sai shi ma ya zama mai ɗaci a bakin masu farautarsa. Tsiron ya yi makami, ƙwaron ya karɓe ya mai da shi garkuwa. Yawancin ƙwarin nan masu launi mai ɗaukar ido, ja ko rawaya ko mai ratsi, gargaɗi suke yi wa tsuntsu cewa ba su da daɗin ci.

Wasu kuma dabararsu ta fi ban dariya. A kan ganyen dankalin Hausa ana samun wani ƙwaro faffaɗa mai zagayayyen baya, wani lokaci yana walƙiya ruwan zinare. Tsutsarsa ba ta zubar da kashinta. Tara shi take yi a kan wani ɗan reshe da ke bayanta, tare da tsohuwar fatar da ta saɓa, ta riƙe a sama. In tururuwa ta matso sai ta juya mata wannan tarin ƙazanta, tururuwa ta ja da baya.

A hamadar Kalahari, cikin ƙasashen Namibiya da Botsuwana, mafarautan ƙabilar San sun daɗe da sanin wani ƙwaron ganye mai suna Diamphidia, wanda ke rayuwa a kan itatuwa dangin dashi. Tsutsarsa in ta ƙoshi tana shiga ƙasa a gindin bishiyar ta yi ɗan gida ta kwanta. Mafarauta su tono ta, su matse ruwan jikinta a bayan tsinin kibiya. Wannan dafi yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, har babbar dabba tana iya faɗuwa saboda shi, ko da yake yakan ɗauki lokaci, sai an bi sawu.

Aikinsu a daji

A dajin da ba a taɓa ba, tsirrai gasa suke yi da juna kan ruwa da rana da wurin zama. Da za a bar wani tsiro mai saurin yaɗuwa ba mai taɓa shi, da ya mamaye wuri ya danne sauran. Ƙwarin da suka ƙware a kansa su ne ke rage masa ƙarfi. Suna cin ganye, suna raunana saiwa, suna cinye wani kaso na iri. In tsiron ya yi yawa sai su ma su yi yawa, in ya ragu sai yunwa ta rage su. Ta haka ciyayi iri-iri ke samun wurin zama tare, makiyayi kuma ya sami kiwo mai gauraye.

Su ma abinci ne. Tsuntsaye, ƙadangare, kwaɗo, gizo-gizo, tururuwa, zabi da kajin gida duk suna cinsu ko cin tsutsarsu. Akwai kuma wasu ƙananan dangin zanzaro, waɗanda da kyar ido ke ganinsu, da ke saka ƙwansu a cikin ƙwan ƙwaron ko a jikin tsutsarsa, ɗansu ya cinye ta kafin ta girma. Gaba da gabanta ke nan. Ganyen da tsuntsu ba zai iya ci ba, ƙwaro ya ci ya mai da shi nama, tsuntsu ya ci ƙwaron. Kashin ƙwarin kuma ya zuba ƙasa ya ruɓe da wuri fiye da yadda busasshen ganye zai ruɓe. Wasu manyansu suna shiga fure cin garinsa, su ɗauki kaɗan zuwa wani furen, ko da yake a wannan aiki ba su kama ƙafar ƙudan zuma ba.

Akwai wani reshe na dangin da ya bar ganye ya koma cin ƙwayar iri. Fasa busasshen ɗan bagaruwa ko na tsamiya ko na kalgo da ya daɗe a ƙasa, za ka ga yawancin ƙwayoyin da ɗan zagayayyen rami. Aikinsu ne. A dajin Serengeti na Tanzaniya masu bincike sun lura da wani abu game da wata bishiyar ƙaya 'yar'uwar bagaruwa. 'Ya'yan da suka zube suka daɗe a gindin uwar, ƙwaro ke cinye mafi yawan irinsu. Waɗanda dabbobi suka tsince da wuri kuwa, irin yakan fita cikin kashi a wani wuri mai nisa, ya tsira daga ƙwaron, ya kuma fi saurin tsirowa. Wato bishiya da ƙwaro da dabba sun ɗaure da juna. Wanda ya taɓa ganin 'yan itatuwan ƙaya na tsirowa a tsohon makwancin awaki ya ga irin wannan lamari da idonsa.

Yadda ƙwaron daji ke zama annoba

Labarin da ya fi kowanne bayyana wannan batu ya faru ne a Amurka. Akwai wani ƙwaro mai ruwan rawaya da ratsi baƙaƙe goma a bayansa. Wani masani mai suna Thomas Say ne ya bayyana shi a rubuce a shekarar 1824. A lokacin ba wanda ya damu da shi, domin wata ciyawa mai ƙaya, dangin gauta, yake ci a yammacin ƙasar. Sai baƙi manoma suka iso da dankalin Turawa, wanda shi ma dangin gauta ne, suka shuka shi gona bayan gona. A shekarar 1859 aka ga ƙwaron ya afka wa dankali a yankin Nebraska. Daga nan ya riƙa bin gonaki yana yin gabas, har ya kai bakin Tekun Atlantika a 1874. A 1922 aka tarar ya kafu kusa da birnin Bordo na Faransa, daga nan ya bazu cikin Turai. A 1950 gwamnatin Jamus ta Gabas ta zargi Amurka da zubo shi daga jiragen sama, aka riƙa fitar da 'yan makaranta gonaki suna tsince shi da hannu.

An yi ta yi masa feshi tun ƙarni na 19, guba bayan guba. Kowane karo 'yan kaɗan da suka jure su ne ke haihuwa, 'ya'yansu su gaji juriyar. Yau an tabbatar ya jure wa magunguna sama da 50. Wannan ba abin mamaki ba ne ga ƙwaron da tun asali ya saba da cin ganye mai guba.

Ku lura da abin da ya canja. Ƙwaron yana nan yadda yake. Mutum ne ya shimfiɗa masa abinci iri ɗaya daga wannan gari zuwa wancan, sannan ya ɗauke shi cikin jirgin ruwa ya kai shi ƙasar da babu masu cinsa. Haka ya sake faruwa da ƙwaron saiwar masara na Amurka, wanda aka fara gani a Turai a 1992 kusa da filin jirgin saman Belgired.

A ƙasashenmu ɓarnar ƙwarin ganye ba a huji kaɗai take ba. Wasu suna ɗaukar cuta a bakinsu daga tsiro mara lafiya zuwa mai lafiya. Ƙwaron kuɓewa na yaɗa cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare. Na wake ma haka. Cutar da ke sa shinkafa rawaya ta tsumbure, wadda aka fara ganowa a Kenya a 1966 kuma yanzu tana cikin fadamun Afirka ta Yamma, ƙwarin wannan dangi na cikin masu yaɗa ta.

Inda aka ɗauke su aiki

Tunda kowanne da tsiron da ya sani, sai masana suka ga ana iya juya lamarin. In wata ciyawa ta shigo ƙasa daga waje ta gagari kowa, sai a je ƙasarta ta asali a nemo ƙwaron da ke cinta.

A jihar Kalifoniya wata ciyawa mai fure rawaya da ta zo daga Turai ta mamaye makiyaya. Zuwa 1944 ta rufe kimanin eka miliyan 2. Dabbar da ta ci ta da yawa, fatarta takan yi gyambo in rana ta buge ta, musamman farar dabba. Kiwo ya lalace, filaye suka faɗi daraja. A 1945 da 1946 aka saki wasu ƙwarin ganye da aka kawo ta hanyar Ostireliya, waɗanda ba su cin komai sai wannan ciyawa. Cikin shekara goma ciyawar ta ragu da fiye da kashi 99 cikin 100, ciyawar kiwo ta dawo. Makiyayan yankin har alamar tunawa suka kafa wa ƙwaron a garin Yureka. An yi irin wannan a 1964 da wani ƙwaro daga Ajantina don wata ciyawa mai toshe hanyoyin ruwa a kudancin Amurka. Indiya ma ta shigo da wani daga Meziko, ta sake shi a 1984 don yaƙar wata muguwar ciyawa mai sa ƙaiƙayi da asma.

Amma wannan aiki ba na garaje ba ne. A 2001 aka saki wani ƙwaro a yammacin Amurka don ya rage wata baƙuwar bishiya da ta cika bakin koguna. Ya yi aikin, har ya wuce inda aka zata zai tsaya. Sai ga shi wani ɗan tsuntsu da ke dab da ƙarewa ya riga ya koma yin sheƙa a kan wannan bishiyar, ƙwaron kuma na zubar da ganyen ya bar sheƙar a fili cikin zafin rana. A 2010 hukumar noma ta ƙasar ta dakatar da sakin ƙwaron. Shi ya sa kafin a saki irin wannan ƙwaro sai an shafe shekaru ana gwada shi a killace, kuma aikin hukuma ne, ba na mutum ɗaya ba.

Ƙwaron wake

Yanzu mu dawo gida, ga wanda ya fi kowanne taɓa aljihunmu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bin ta. Duk mai saye da sayarwa a kasuwa irin ta Dawanau ya san farashin buhu na faɗuwa da zarar an ga huji a ƙwaya. Wannan ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa da ke tashi in an kwance bakin buhu, shi ma ɗan dangin ƙwarin ganye ne, daga reshen nan mai cin iri.

Mutane da yawa na cewa wake ne ke haifar da ƙwaronsa. Ba haka ba ne, amma akwai dalilin da ya sa ake ganin haka. Tun a gona macen ke saka ƙwai a kan kwanson da ya fara bushewa. A lokacin sussuka waken yana da kyau a ido, amma 'yan ƙwayoyi kaɗan sun riga sun ɗauki tsutsa a ciki. Ɗauki ƙwayar wake daga tsohon buhu ka duba ta a haske. Za ka ga ɗige-ɗige farare manne a jikinta, waɗanda ba sa fita da hura iska. Ƙwai ne. Tsutsar ba ta fitowa waje, ta ƙasan ƙwan take huda wake ta shige. A ciki take ci, a ciki take kwanciya. In ta kusa fita za ka ga wani ɗan zagaye mai duhu a fatar waken, wanda ƙwaron zai ture ya fito. Daga ƙwai zuwa cikakken ƙwaro mako uku ne zuwa huɗu a lokacin zafi. Babban ƙwaron ba ya buƙatar ci ko sha. Mako ɗaya ko biyu yake yi a duniya, aikinsa barbara da saka ƙwai, kuma mace ɗaya na iya saka kusan 100.

Ku yi lissafi da kanku. In kowane wata sabuwar zuriya za ta fito, kuma kowace mace za ta bar gomman 'ya'ya, me zai rage a buhun da aka ajiye daga kaka zuwa bazara? A daji irin waken jeji a warwatse yake, ƙwaro sai ya wahala kafin ya sami ƙwaya, masu cinsa kuma na biye da shi. A rumbu mun tara masa abinci wuri ɗaya, cikin ɗumi da duhu. Labarin ƙwaron dankalin Turawa ne ya maimaita kansa a cikin ɗaki. Gyaɗa ma tana da nata, wanda asalin abincinsa 'ya'yan tsamiya da kalgo ne kafin ya koma wa gyaɗar da aka tara.

Maganin da wasu 'yan kasuwa ke bi shi ne zuba guba irin su fiya-fiya kai tsaye a cikin wake. Wannan ganganci ne da rayukan mutane, kuma ya jawo asara ga ƙasa baki ɗaya: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan gubar diklobos da aka samu a ciki. Ƙwayar nan mai fitar da iskar guba da ake sakawa a buhu ita ma ba abin ajiyewa ba ce a ɗakin da mutane ke kwana.

Alhali sanin rayuwar ƙwaron ya ba da hanyoyin da ba su buƙatar guba. Tsutsar da ke cikin wake tana numfashi. In aka hana iska shiga, za ta cinye wadda ke ciki, ta daina ci, ta bushe ta mutu. A kan wannan aka gina buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka kuma fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007. Jarka ko duro mai murfi mai kama iska ma suna yin wannan aiki, in an cika su taf. Sharaɗin shi ne waken ya bushe sarai, ledar ba ta da huji, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Inda mutane suka fi kuskure ke nan: a buɗe yau a ɗebi na ƙosai, gobe a ɗebi na alala, sannan a ce buhun ba ya aiki. Wanda za a ci a ware shi daban tun farko.

Zafi ma yana kashe su. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza wake ba da kauri ba, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna, a bar shi awa biyu a tsakiyar rana. Ƙwai da tsutsa da manya duk za su mutu. Ga mai ɗan wake kaɗan kuma, dabarar iyayenmu ta toka tana nan da amfaninta: a tankaɗe toka mai sanyi, a gauraya mudu ɗaya na toka da mudu ɗaya na wake, a zuba a tukunya, a rufe saman da wata tokar. Tokar na cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaro ya kasa yawo balle ya sami mace.

Kafin a ɗauki famfon feshi

A gona, huji a ganye ba kullum ne yake nufin asara ba. Tsiron da ya yi ƙarfi yana iya rasa wani kaso na ganyensa ya mayar, amfanin bai ragu ba. Lokacin haɗari shi ne makonnin farko, sa'ad da tsiro ke da ganye biyu ko huɗu. A wannan lokaci ne ya kamata manomi ya riƙa zagaya gona da safe, yana juya ganye yana dubawa. In lambu ne ƙarami, a girgiza ƙwarin cikin kwano mai ruwan sabulu. Ruwan dakakken irin dogon yaro yana rage musu cin ganye, kuma bai kai magungunan kanti illa ga masu cinsu ba. Tsiron da ya nuna alamar cuta a tumɓuke shi da wuri. Ga waɗanda tsutsarsu ke kwana cikin ƙasa, canja shuka yana da tasiri: inda aka yi wake bana, a sa gero ko dawa baɗi, ƙwaron ya fito bai tarar da abincinsa ba. Gauraya gero da wake da manomanmu suka gada ma ba aikin banza ba ne ta wannan fuska.

In ɓarna ta kai a yi feshi, a nemi shawarar malamin gona kan irin maganin da adadinsa, a kuma guji fesawa lokacin da ƙudan zuma ke kan fure. Feshin da aka yi ba bisa buƙata ba yakan kashe gizo-gizo da 'yan zanzaro da ɗan jan ƙwaron nan mai cin darɓa, su kuwa sun fi masu ɓarnar jinkirin dawowa. Shi ya sa wani lokaci bayan feshi ƙwari ke dawowa fiye da da.

Aikin yi

Ku amsa waɗannan a littafinku. Ta yaya za a bambanta ɓarnar ƙwaro mai tauna da ta mai tsotsa? Me ya sa ƙwaron dankali bai zama annoba ba kafin 1859? Wane darasi ke cikin labarin ɗan tsuntsun da ke sheƙa a bakin kogi?

Sannan kowane rukuni na mutum huɗu ya nemo kwalba uku masu tsabta da waken da ya fara nuna fararen ɗige-ɗigen ƙwai. Kwalba ta farko a zuba wake rabi, a rufe bakinta da ƙyalle a ɗaure da zare. Ta biyu a cika ta taf, a ɗaure murfin sosai, a naɗe shi da leda. Ta uku a gauraya waken da toka daidai-wa-daida. A rubuta kwanan wata a jikin kowace, a ajiye su a inuwa wuri ɗaya. Bayan mako shida a kawo su aji, a ƙirga ƙwaya 100 daga kowace kwalba, a rubuta nawa ne suka huje.